Kujerar Bakin Ƙofa

Masu cika min waya da tambayar ina na shige kwana biyu, ga ni. Ba shirin biki ne ya ɓoye ni ba, kunya ce. Abin da zan ba ku yau laifina ne tun daga tushe, kuma gara ku ji shi daga bakina da ku tsince shi a bakin matan unguwarmu, waɗanda kafin ya iso gare ku sun yi masa hannu da ƙafa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Jawahir, gidanmu yana Kwaciri a Fagge. Ina aiki a wata ƙaramar cibiya a Sabon Gari mai suna Inuwar Iyali. Idan gida ya rikice, miji yana dukan mata ko 'ya'ya sun yi watsi da tsohonsu, ba ma ɗauke mutum ɗaya mu gyara shi kamar rediyo mu mayar. Dangi muke tarawa a zauna a yi magana, domin su ne za su ci gaba da zama da shi bayan mun rufe ofis mun tafi gida.

Shugabarmu Madam Biriskila ce, 'yar Wusasa ta wajen Zariya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, gajeruwa mai tabarau da igiya a wuya. Hausarta ta fi tawa nesa ba kusa ba. Tun ranar da na fara aiki ta zaunar da ni ta ce, "Jawahir, zaman dangi magani ne, amma magani ma idan ba a auna ba kisa yake yi. Wadda aka daka ita ke zama a bakin ƙofa. Kada kowa ya shiga tsakaninta da hanyar fita, ko da limamin unguwa ne. Kuma ki kwashe duk abin da hannu zai iya ɗauka, ko da kofin shayi ne."

Na ce to, amma a raina dariya nake yi. Na ɗauka tsufa ne ya sa mata tsoro.

Sai kuma Hamzat, wanda zan aura. Atamfa da leshi yake sayarwa a Kantin Kwari. Idan yana magana sai kin matso kusa kafin ki ji, don ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Ƙanin Maje ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi kuma Maje mijin yayata ce, Yaya Mero. Tun da mahaifinsu ya rasu Maje ne ya riƙe shi, shi ya yi masa makaranta, shi ya buɗe masa shago. Da maganar aurenmu ta taso kowa murna yake yi, ana cewa tuwona maina. Umma kuwa har ta fara tafiya tana jin kanta, ita ce mai 'ya'ya biyu a gida ɗaya.

Saura sati uku a kawo lefe muka je gidan tela a nan Fagge, ni da Yaya Mero, don a auna mu ɗinkin anko. Ana zafi kamar a cire fata, amma Yaya tana cikin wani hijabi mai kauri har ƙasa, ta ƙi cirewa sai da telar ta yi mata magana sau biyu.

"Ɗaga hannu, Hajiya."

Ta ɗaga na dama. Na hagun ya tsaya a rabi, ta cije leɓe.

Shekara biyu ina wannan aiki, na san yadda mace take cije leɓe idan ba ta so a sani. Na ja ta ƙuryar ɗaki na ce zan taya ta zuge zif. Na buɗe bayan rigar. Shatin wayar wuta ne kwance a gadon bayanta, wani ya bushe ya yi baƙi, wani ɗanye ne har yana manne wa shimi.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Faɗuwa na yi a banɗaki."

"Banɗakin naku bulala yake riƙewa?"

Sai ta kama hannuna ta fashe da kuka marar sauti. "Don girman Allah ki rufa min asiri, Jawahir. Bari a gama bikinki tukuna. Shekara huɗu nake a haka, sati uku ba zai kashe ni ba."

Shekara huɗu! Ina yawo gidajen mutane da fayil a hammata ina koya musu zaman lafiya, ashe yayata ciki ɗaya ana sassaƙa ta a bayan layinmu. Tana juya baya tana gyara riga na zaro waya na ɗauki hoton bayan nata. Ban tambaye ta ba. Ku riƙe wannan, yana cikin laifukan da nake lissafa wa kaina.

Washegari na sami Madam Biriskila a ofis na faɗa mata komai. Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta.

"Kawo min ita nan. Ita kaɗai zan fara ji, ita za ta zaɓi wanda zai zauna da wanda ba zai zauna ba. Ke kuma ki cire hannunki, wanzami ba ya son jarfa, kuma ba ya iya yi wa kansa."

"Madam, gidanmu fa gidan ilimi ne. Babanmu shi ke sasanta rabin unguwa."

"Falon naku ƙofa nawa ne?"

"Ɗaya."

"To kawo min ita nan," ta sake cewa.

Ban kai ta ba. Zan faɗa muku gaskiyar dalili, ba wanda na riƙa faɗa wa kaina ba. Ba na son sunan gidanmu ya shiga fayil, abokan aikina su riƙa buɗewa suna karantawa. Kuma ina so a gyara abin cikin ruwan sanyi kafin ranar lefe, a tsira da Yaya, a tsira da aurena. Jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya na so yi.

Na sami Baba bayan sallar magariba. Tsohon hedimasta ne, har yanzu idan ya yi gyaran murya sai mu nutsu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya girgiza kai.

"Maje? Yaron da na koya wa baƙi da wasali a aji ɗaya? To, a kira shi ranar Asabar bayan la'asar. Ba sai an tara jama'a ba, ɗana ne, kallo ɗaya zan yi masa ya shiga taitayinsa."

Na tura wa Hamzat saƙo na ce Baba yana neman yayansa, kuma ina so ya zo tare da shi. Na faɗa masa dalili. Amsa ta zo nan take.

"Kin san Yaya yana da zafi, amma ba shi da riƙo."

Na karanta sau uku. Na rubuta, "Ka sani ke nan?"

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi: "Zan zo. Ina tare da ke, amaryata." Har da jar zuciya guda biyu. Ni kuma, sakarya, na rungume waya ina murmushi, na bar tambayata ta bi iska.

Ranar Asabar na saka doguwar riga ruwan toka da ƙaramin hijabi, irin shigar da nake yi idan zan jagoranci zama, wai don a san da aikina na zo. Falon Baba dogo ne, ƙofarsa ɗaya. Manyan kujeru suna kusa da ƙofar, can ƙurya kuma kabad ɗin gilashi ne da Umma ta jera tangaran ɗinta na aure. Na ɗauko farar kujerar roba na ajiye dab da bakin ƙofa, na ce a nan Yaya Mero za ta zauna. Na kwashe duk abin da ke kan tebur.

Ina juyowa sai ga Umma da tire: filas ɗin shayi, kofunan gilashi, farantin cincin.

"Umma, don Allah a bar teburin haka."

"A bar shi wayam? Surukin gida zai zo, ga wanda zai aure ki, ki ce ko ruwa kada a ba su? A gidan wa aka taɓa yi?" Idonta ya faɗa kan kujerar. "Wannan kuma ta wace ce?"

"Ta Yaya ce."

"Mace da aurenta ta zauna a bakin ƙofa a kan kujera, maza suna raɓa ta suna wucewa, ubanta yana zaune? Ke Jawahir, bokon naku bai koya muku kunya ba? Ɗauke min ita. Mero, wuce ciki ki zauna a ƙasa kamar 'yar mutunci."

Na san daidai, wallahi na sani. A gidan wasu da na tsaya kai da fata, ko a bar kujerar nan ko a fasa zaman. Amma wannan Umma ce, kuma Baba yana kallona ta saman tabarau. Na ɗauke kujerar da hannuna na kai tsakar gida. Yaya Mero ta wuce can ƙurya ta zauna a kan darduma tsakanin kabad da bango.

Suka yi sallama. Maje ya sha farar shadda tana ta maiƙo, hula zanna bukar, turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya gaida Umma, har da tambayarta ciwon gwiwa. Hamzat yana bayansa cikin ruwan ƙasa, ya saci kallona ya yi ɗan murmushi. Aka ba su manyan kujerun bakin ƙofa.

Baba ya buɗe da addu'a, ya yi nasiha mai tsawo a kan amanar aure. Maje yana sunkuye yana cewa, "Haka ne, Baba. Allah ya ƙara girma." Sannan Baba ya juya.

"Mero, me ke tsakaninki da mijinki?"

Ta ɗago ta dubi Maje, ta dubi ƙofar da ke bayansa, ta mayar da kai ƙasa.

"Babu komai, Baba. Saɓani ne irin na yau da gobe."

"To alhamdulillahi," in ji Baba, har ya fara gyara zama zai shafa fatiha. Umma ta sauke ajiyar zuciya ta miƙa hannu za ta zuba shayi.

Raina ya ɓaci. Na ga za a tashi a mayar da ita gidan nan da albarkar iyaye a kai. Na miƙe na buɗe wayata na ɗora wa Baba a cinya.

"Baba, ga saɓanin yau da goben."

Baba ya kai wayar kusa da idonsa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Maje, kai ka yi wannan? Da hannunka?"

Maje ya leƙo ya gani. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka a gabana ba. Duk ladabin nan ya zube, muryarsa ma ta zama wata.

"Bayan matata? Tsiraicin matata kike yawo da shi a waya?" Ya juya ƙurya. "Ke kika tuɓe mata? Ni za ki tona wa asiri?"

"Wallahi ban san ta ɗauka ba," in ji Yaya, tana ja da baya. Babu inda za ta je, bango ne.

Filas ɗin ya fara sura. Ya wurga mata shi da iyakar ƙarfinsa, ya daki kabad, gilashin ya tarwatse, tafasasshen shayi ya kwarara a kafaɗarta da hannunta. Ihun da ta yi har yanzu yana cikin kunnena. Kafin kowa ya motsa ya tsallake tebur ya cim mata. Ya damƙi hijabinta ya naɗe a hannu ya buga kanta da bango, ya sake bugawa. Baba ya tashi yana cewa, "Kai! Kai Maje! A gabana?" ya kama masa riga. Maje ya yi wurgi da hannu ko waiwaye bai yi ba, tsohon nan ya tafi da baya ya faɗi a kan tebur, kofuna suka farfashe a ƙarƙashinsa, hularsa ta yi gefe.

Na rarumi ƙafar teburin da ta karye na yi kansa. Taku biyu na yi aka cafke ni ta baya.

Hamzat ne. Ya kama wuyan hannuwana biyu ya murɗe su baya har icen ya faɗi. Mutumin da ko yatsana bai taɓa riƙewa ba, ashe haka yake da ƙarfi.

"Sake ni! Zai kashe ta!"

"Ki nutsu, Jawahir. Kada ki taɓa shi. Ki nutsu."

"Shi za ka riƙe, ba ni ba! Hamzat, shi!"

Bai sake ni ba. Ina tsaye a hannunsa ina kallo Maje ya sa ƙafa yana shurin yayata a ciki da haƙarƙari, tana naɗe a cikin fasassun tangaran, ta daina ma ihu sai wani irin nishi. Na yi fizga, na yi cizo, na yi zagin da ban san na iya ba. Shi kuwa sai faɗi yake a kunnena, a hankali kamar kullum, "Yanzu zai huce. Yanzu zai huce."

Umma ce ta kawo ƙarshen abin. Umma mai cewa mace sai haƙuri. Ban ga fitarta ba, sai dai na ga shigowarta da muciya, ɗankwali ya faɗi. Ta sauke masa ita a gadon baya, ta ƙara a kafaɗa, ta uku a ƙeya muciyar ta karye biyu.

"'Yata! 'Yar da na haifa! Fita min daga gida, la'ananne!"

Maƙwabta suka cika tsakar gida. Maje ya miƙe yana haki, farar shaddar nan duk jini da shayi, ya nuna Yaya da yatsa ya ce, "Matata ce. Duk inda ta shiga sai ta dawo." Ya ratsa mutane ya fita. Sai a lokacin Hamzat ya sake ni. Ya dubi Baba a ƙasa, ya dube ni, sai ya bi bayan yayansa.

Jini yana fita ta kunnen Yaya na hagu, fatar hannunta ta saluɓe. Baba yana zaune a ƙasa an kama shi, gilashi ya yanke masa tafin hannu, hawaye na zuba masa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, kuma ni na jawo. Umma ta kama kafaɗata ta girgiza ni.

"Kai ta wajen matar nan taku. Yanzu, kafin ya dawo."

Muka sa ta a adaidaita sahu, kanta a cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara. Gidan Madam Biriskila yana bayan ofishinmu, ƙofar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su. Da ta buɗe ta gan mu ba ta ce ai na faɗa miki ba. Da ma ta faɗa, da na fi samun sauƙi. Ta kwantar da Yaya, ta yanke hannun rigar da almakashi, ta fara zuba wa ƙunar ruwan sanyi, tana waya da wata likita da ɗaya hannun.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Hamzat ne.

"Ki yi haƙuri da abin da ya faru. Na riƙe ki ne don kada hannunki ya taɓa Yaya. Da kin dake shi, wallahi babu mai ɗaura mana aure. Aurenmu na ceta."

Wani saƙon ya sake shigowa.

"Ya huce. Yana so ya ba ta haƙuri ya mayar da ita gida, a rufe maganar."

Na kife wayar. Ba a yi minti goma ba ta sake haske.

"Fito, muna waje."

Sau nawa Hamzat yana sauke ni a ƙofar nan da safe? Ko tunanin haka ban yi ba da na ce wa mai adaidaita Sabon Gari. Na leƙa ta ramin ƙofa. Motar Hamzat ce, shi ya tuƙo. Maje ya riga ya fito, ko rigar bai canja ba. Ya fara dukan ƙofar da tafin hannu yana ɗaga murya yadda duk layin za su ji.

"Jama'a ku zo ku gani! An sace min mata an ɓoye a gidan nan! Matar aure, Musulma!"

Masu shaguna suka fara leƙowa, masu adaidaita suna rage gudu. Duk wanda ya san garin nan ya san abin da irin wannan magana take iya haifarwa kafin a tsaya a tambayi gaskiyarta. Na dubi Madam. Karo na farko na ga tsoro a idonta.

"Na kira 'yan sanda," ta ce. "Suna hanya, amma kin san cunkoson kasuwa a wannan lokaci."

"Madam, idan na fita ki sa kwaɗo."

"Jawahir, kada ki..."

"Ni ya kamata su gani da hijabina, su ji daga bakina cewa yayata ce, ni na kawo ta. Ki sa kwaɗo, ko me kika ji kada ki buɗe."

Na zare sakata na fita, na ja ƙofar. Na ji ƙarar kwaɗon a bayana. Na jingina da ƙarfen na ɗaga murya.

"Yayata ce a ciki, uwa ɗaya uba ɗaya! Ni na kawo ta a yi mata magani! Jinin da ke rigarsa nata ne!"

Mutane suka dubi rigar, aka fara gunaguni. Maje ya yi wata dariya, ya juya ya buɗe bayan mota. Hamzat ya zo ya tsaya a gabana, kusa sosai, idanunsa sun yi ja.

"Jawahir, don Allah ki matsa. Lefe fa ya kusa. Kada ki rushe mana komai a kan abin da za a shirya gobe."

Ta saman kafaɗarsa na hango Maje yana tahowa da ƙarfen kwance taya a hannu.

"Ba zan matsa ba," na ce. "Ga yayanka nan tafe, Hamzat. Kai kaɗai ne tsakanina da shi."

Ya waiwaya ya dubi yayansa. Ya juyo ya dube ni, har da hawaye a idonsa.

Sai ya matsa gefe, ya ba shi hanya.